Taswirar Wayoyi a Ɗakin Manyan Kwamfutoci

Duk wanda ya taɓa aika kuɗi ta wayar hannu, to saƙonsa ya ratsa ta wani ɗaki mai sanyi da ake kira cibiyar ajiyar bayanai. A cikinsa akwai kabad-kabad na ƙarfe a jere, waɗanda ma'aikata ke kira rak, kowanne shaƙe da manyan kwamfutoci. Faɗin na'urar da ke shiga rak inci 19 ne. Tsayin rak kuwa hawa-hawa ake ƙirga shi, kowane hawa inci 1.75, kuma wanda aka fi sani yana da hawa 42.

Wahalar aikin tana bayan kabad. Kowace na'ura tana da wayar lantarki, sau da yawa biyu, ga kuma wayoyin sadarwa birjik. In ma'aikaci ya kuskure ya zare wadda ba ita ba, aikin banki ko asibiti yana iya tsayawa cik.

Saboda haka aka ƙirƙiro manhajojin tsara waɗannan ɗakuna. Daga cikin na kyauta akwai RackTables da NetBox. Wani injiniya mai suna Jeremy Stretch ne ya rubuta NetBox lokacin da yake aiki a kamfanin DigitalOcean na Amurka, aka sake ta ga jama'a a 2016. Tana zana hoton kowane rak, gaba da baya, ta nuna hawan da ke cike da wanda ba kowa. Kowace waya ana rubuta lambarta da launinta da tsawonta, da ramin da ta fito da wanda ta shiga. Tsawon yana da muhimmanci, domin wayar tagulla ba a barin ta ta zarce mita 100. Haka nan tana lissafa wutar da na'urori za su sha, kada a ɗora wa layi ɗaya abin da ya fi ƙarfinsa.

Sai dai fa manhaja ba ta da ido a bayan kabad. Abin da aka rubuta mata shi ta sani. In aka canja waya da dare ba a rubuta ba, taswira ta zama ƙarya, mai zuwa gobe kuwa da ita zai yi aiki. Shi ya sa ƙwararru ke fara rubutawa kafin su taɓa komi, su kuma liƙa lamba a bakin waya duka biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ranar da ba ya nan, rubutunsa ne zai gaya wa na baya.