Matsalar Karin Sauti da Tsawon Wasali a Koyar da Karatun Hausa a Makarantun Firamare

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin wani cikas da ɗalibin firamare kan ci karo da shi yayin koyon karatun Hausar boko, wato rashin nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutu. Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna amfanin yin haka da Yarabanci. A 2022 aka faɗaɗa tanadin zuwa shekaru shida, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar janye shi. Ko ma ina muhawarar ta tsaya, tilas mai koyon karatun Hausa ya fuskanci ƙa'idojin rubutunta.

2.0 Hanyar Gaɓa

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali (BW), baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali (BWW), sai baƙi da wasali da baƙi (BWB). Wannan sauƙin tsari ne ya sa hanyar "ba, be, bi, bo, bu" ta karɓu. Ba ta kuma zama baƙuwa ga yaron da ya yi makarantar allo ba, domin a can ma daga babbaƙu ake farawa, sannan farfaru. Inda ake samun tangarɗa shi ne malami ya soma da sunayen haruffan Ingilishi. Sunan harafin "e" a Ingilishi shi ne sautin "i" na Hausa, sunan "i" kuwa "ai" ne. Yaron da ya haddace waɗannan sunaye sai an yi masa warwara kafin ya iya karanta "ci" ko "gida".

3.0 Abin da Rubutu Bai Nuna Ba

Tun ƙa'idojin da Hans Vischer (Ɗan Hausa) ya fitar a 1912, har zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, rubutun yau da kullum a Nijeriya bai ɗauki alamar karin sauti ko ta dogon wasali ba. Saboda haka kalmar "gari" na iya zama mazaunin mutane, ko kuwa abin da ake tuƙa tuwo da shi. "Fara" ta kasu uku: launi, da ƙwaro, da aikatau mai ma'anar soma. "Kuka" ma haka: zubar da hawaye, da itaciya, da wakilin suna kamar a "ku kuka zo". Abin lura a nan, ajami yana bambanta "gari" biyun nan da alif, boko kuwa bai yi ba.

A ganinmu, sunaye ba su ne babbar matsala ba, domin jimla kan fayyace su. Matsalar tana ga lamirin lokaci. Rubutaccen "ya tafi" yana ɗauke da furuci fiye da ɗaya: da dogon wasali a "Audu ya tafi", da gajeren wasali mai karin sama a "Audu ne ya tafi", da gajere mai karin ƙasa a "ina so ya tafi". Ƙwararren mai karatu ba ya ko lura da wannan, saboda idonsa ya riga bakinsa isa ƙarshen jimla. Shi kuwa ɗan aji biyu gaɓa-gaɓa yake tsinta, sai ya furta "ya" da karin da ya fara zo masa, ma'ana ta ɓace masa, ya koma baya. Malami kan ɗauki wannan a matsayin rashin ƙoƙari, alhali yaron ya karanta duk abin da aka rubuta daidai.

Abin da ya kamata shi ne kada a daɗe a kan jerin kalmomi tsura. Da zarar yaro ya mallaki baƙaƙe kaɗan da wasula biyar, sai a shigar da shi gajerun jimloli, malami ya karanta da ƙarfi, ɗalibai su bi, sannan a tambaye su abin da jimlar ke nufi. Ana iya rubuta "Kande ta soya fara" da "Kande ta fara suya" a allo, a bar yara su gano bambancin da kunnensu. Wannan ya fi muhimmanci a azuzuwan Jos ko Sabo ta Ibadan, inda wasu ɗaliban Hausa harshe na biyu ce gare su, kunnensu kuma bai gama sabawa da karinta ba.