Auna karkatar hasken taurarin Be

Auna karkatar haske, wanda ake kira polarimetiri, hanya ce da masana taurari ke bi wajen nazarin iskar gas da ke kewaye da taurari masu tsananin zafi. An fi amfani da ita a kan taurarin Be, waɗanda zafinsu ke tsakanin digiri 10,000 zuwa 30,000 a ma'aunin Kelbin. Irin wannan tauraro yana juyawa da sauri ƙwarai, yana watsar da gas da ke taruwa a kewayensa kamar faifai.

Yadda take aiki

Haske igiya ce mai kaɗawa. Hasken da ke fitowa daga jikin tauraro yana kaɗawa ta kowace fuska. Idan ya ci karo da ilektoron da ke cikin gas ɗin, sai wani sashe nasa ya koma kaɗawa ta fuska ɗaya. Da gas ɗin ya kewaye tauraron kamar ƙwallo, da karkatar kowane ɓangare ta soke ta ɗaya ɓangaren. Tun da faifai ne, sai ɗan kaɗan ya rage, wanda bai cika wuce kashi 2 cikin 100 ba. Yawansa yana nuna kaurin gas ɗin, fuskarsa kuma tana nuna yadda faifan ya kwanta. Amfanin hanyar shi ne, nisan taurarin ya sa madubin hangen nesa guda ɗaya ba ya iya ɗaukar hoton faifan.

Tarihi

Angelo Secchi na Italiya ya gano tauraron Be na farko, Gamma Cassiopeiae, a 1866. A 1931 Otto Struve ya danganta gas ɗin da saurin juyawar tauraron. A 1949 John Hall da William Hiltner, suna neman karkatar da Subrahmanyan Chandrasekhar ya yi hasashe a 1946, sun gano cewa ƙurar da ke tsakanin taurari ita ma tana karkatar da haske. Don haka dole a cire gudummawar ƙurar kafin a yi hukunci a kan faifan.

A sararin ƙasar Hausa

Tarin taurarin da Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta yana ɗauke da taurarin Be, kamar Alcyone da Pleione. A Anka, Gummi da Bukkuyum ana ganin tarin kusan tsakiyar sama a farkon dare a Disamba da Janairu. Awon karkatar hasken Pleione na shekaru da dama ya nuna cewa faifansa yana sauya kwanciya a hankali.