Rijiyar da ba ta haye ruwa ba

Takardar ta ce an gina rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a wani ƙauye na ƙasar Yawuri, an gama, an biya ɗan kwangila. Mutanen ƙauyen kuma sun rantse ba su taɓa ganin ko bututu ba, har yau ruwan Kwara suke sha, yaransu na fama da tsargiya. Maƙwabcina a Unguwar Dosa, tsohon ma'aikacin gwamnati da aka haifa a can, shi ya kawo min maganar, don 'yan uwansa sun dame shi da waya: tunda yana Kaduna, ya san manya, ya bi musu kadin abin.

Duk wanda ya ji irin wannan labari a ƙasar nan, abu ɗaya zai fara faɗa: an cinye. Maƙwabcin nawa ma haka ya ce. Sai dai wani ɗan uwansa da ke aiki a ofishin da ya ba da kwangilar ya turo masa hoto ta WhatsApp. Ga tanki a kan ƙarfe, ga faifan sola, ga mata da jarkoki, ga allo ɗauke da sunan ƙauyen ɓaro-ɓaro. Aka tura wa mutanen ƙauyen hoton. Suka ce sunan nasu ne, wurin kuwa ba nasu ba ne.

Abu na farko da ya tona asirin yana gefen hoton: bayan wata mota ƙirar Hilux. Mutanen da ke kuka a gungu suke zaune, tsakiyar tafkin Kainji, inda ba a zuwa sai da kwalekwale. To mota me ta taka ta je? Na biyu kuma wani dattijo ne mai sayar da busasshen kifi a Kawo ya gano shi. Ya ƙura wa wayar ido, ya nuna wasu gidaje a bayan tankin, na bulo masu lanƙwasasshen rufi.

"Alhaji, waɗannan ai gidajen gwamnati ne na tashi," in ji shi. "Babu irinsu a cikin ruwa. A tudu aka yi su."

Daga nan zaren ya fara warwarewa. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka tare ruwa a 1968, tafkin ya miƙe sama da kilomita 130 har ya kai Yelwa. Tsohuwar Bussa ta nutse, aka gina sabuwa. Mutum kusan 44,000 aka tasa, cikinsu har da Gungawa, waɗanda suka yi suna wajen noman albasa da ban ruwa a tsibiran kogin, da Kambari da masunta Sarkawa. Wani mai zanen gine-gine Bature, Robin Atkinson, shi ya tsara gidajen da aka zuba su ciki. Kowane ƙauye ya tashi da sunansa da dagacinsa, ya sauka a gaɓa.

Amma ruwan Kainji ba ya tsayawa wuri guda. Farin ruwa na zuwa da damina, baƙin ruwa na biyo baya da hunturu daga can tsaunukan Gini, sannan da bazara tafkin ya ja baya ya bar ƙasa mai danshi da taki. Manomin da ya saba da fadama aka ajiye shi kan jigawa, me kake tsammani zai yi? Wasu suka riƙa komawa tsibiran da suka rage, da farko tunga ce ta 'yan watanni, daga baya aka haihu a can, aka yi masallaci, aka yi maƙabarta. Ba su sake suna ba, don a ganinsu su ne ma na asali. Ke nan ƙauyen biyu ne, sunan ɗaya. Takarda ba ta yi ƙarya ba, mutanen gungu ma ba su yi ba.

Saura tambayar da ta fi ci mana rai: me ya sa kullum na tudu ne ke samu? Maƙwabcina, da ya shekara yana rubuta irin waɗannan takardu, shi ya amsa wa kansa. Jerin ƙauyuka daga ƙaramar hukuma yake fitowa, ita kuma wurin hakimi da dagaci take tambaya. Dagaci a tudu yake. Rumfar zaɓe a tudu take, makarantar firamare ma haka. A idon gwamnati mutanen gungu talakawan wancan dagaci ne da suka tafi su.

Ko da ɗan kwangila ya san da su, lissafinsa ba zai kai shi can ba. Injin haƙa rijiya a kan babbar mota yake, kwalekwale ba ya ɗaukarsa. Siminti da ƙarfe da yashi duk sai an yi musu kuɗin fito, alhali kuɗin kwangilar ɗaya ne da na ƙauyen da ke bakin titi. Hayewar kanta ba wasa ba ce: a watan Mayun 2021 wani jirgi ya nutse kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski da mutum fiye da ɗari, kuma ƙarƙashin tafkin cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Ban ga laifin mai tsoron ruwan nan ba. Laifin na tsarin da bai ware ko sisi don hayewa ba ne.

Tallafin kuɗi ma wannan rami yake faɗawa. Shirin da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 na ba gidajen talakawa naira 5,000 a wata ya dogara ne da rajistar da ake yi ta hanyar tara jama'ar gari su nuna mabuƙatansu. A ina ake taron? Ƙofar gidan dagaci. Wanda ke tsakiyar ruwa sai dai ya ji labari ran kasuwa.

Wasu ƙasashen sun gane cewa tsibiri na buƙatar hannu na daban. A Ayilan, kuɗin raya karkara na Tarayyar Turai, wato shirin LEADER da aka fara a 1991, yana isa tsibiransu ne ta wata ƙungiya mai suna Comhar na nOileán, wadda ofishinta ke kan tsibirin Inis Oírr. Ma'aikatanta su ma jirgi suke hawa. Mu namu da ya fi kusa da haka shi ne HYPPADEC, hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki mai hedikwata a Minna, wadda aka yi dokarta a 2010 amma sai bayan shekara 10 ta kama aiki. Ta raba rigunan ruwa ga masu fito, sai dai jihohi da yawa ke rataye a wuyanta, tsibirai kuma ɗan ɓangare ne na aikinta.

Shawarar da maƙwabcina ya ba 'yan uwansa ita ce su daina neman ɓarawo, su nemi a rubuta gungunsu a matsayin gari mai zaman kansa, da mai unguwarsa, da sunan da zai bambanta shi. Ya rubuta musu takardar da hannunsa, ya aika ta tashar Kawo. Kafin ta kai ga hakimi sai dagaci ya sa hannu, dagacin kuwa kawunsa ne, kuma ya san cewa in ya sa, kusan rabin talakawansa ne zai cire daga littafinsa. Ya ce a bari sai bayan girbin albasa.