IDAN BASHIN GONA YA FI ƘARFIN MUTUM, ME DOKA TA CE?

Yau zan ajiye maganar abinci da rigakafi, in taɓo abin da ba a son ji: karayar arziki. Yawancinmu da rance muke farawa, kuma murar tsuntsaye ko lalacewar ruwan tafki na iya share jari cikin mako guda.

A Najeriya, dokar karayar arziki ta 1979 ce ke kula da bashin mutum shi kaɗai, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar. Ko dai mai bin ka ya shigar da ƙara, ko kai da kanka ka sanar da kotu cewa ka kasa biya.

Kafin mai bin ka ya shigar, akwai sharuɗɗa:

1. Bashin ya kai aƙalla naira 2,000. Tsohon adadi ne, yau ko buhun abincin kaji ba zai saya ba.
2. A samu abin da doka ta ɗauka alamar karaya. Misali, kotu ta yanke hukunci ka biya, aka kawo maka takardar gargaɗi, kwana 14 suka wuce ba ka biya ba.
3. Ya shigar da ƙarar cikin wata 3 da faruwar hakan.

In kotu ta gamsu, sai ta sa jami'inta ya riƙe dukiyarka. Za ka rubuta duk abin da ka mallaka da duk masu bin ka, bisa rantsuwa, kuma a yi maka tambayoyi a fili. In ba a daidaita da masu bashin ba, sai a ayyana ka karye, a sayar da keji, janareta da sauran kaya a raba musu. Ɓoye kadara laifi ne.

To yaushe ake sallamar mutum? Kana iya neman sallama da kanka, amma ba za a saurare ka ba sai an kammala waɗancan tambayoyi, kuma kotu na iya ƙi ko ta sa sharaɗi. In ba haka ba, dokar ta tanadi sallama bayan shekara 5 daga ranar da aka ba da umarnin riƙe dukiyar. A Ingila shekara 1 ce kawai, don haka kada abin da ka gani a intanet ya ruɗe ka.

Kafin sallama, ba ka da damar zama daraktan kamfani ko tsayawa takarar majalisa. Bayan sallama ma, bashin da aka ci ta hanyar zamba yana nan, wanda ya tsaya maka kuma bai kuɓuta ba. Filin da ka jinginar wa banki, banki na da ikon sayarwa.

Abu na ƙarshe: rajistar sunan kasuwanci a CAC ba ta raba ka da bashin gona, har gidanka yana iya shiga. Kamfani mai iyakantaccen alhaki ne ke raba aljihunka da na gona, sai fa in ka sa hannu ka tsaya wa rancen da kanka.

Shawarata, ka fara da kaji 50 ko tarwaɗa 200 da kuɗinka, ka riƙa rubuta shiga da fita. In biya ya fara gagara, je ka zauna da mai bin ka tun kafin takardar kotu ta iso, ka kuma ga lauya.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya raba mu da nauyin bashi.