Ɓarayin Intanet Sun Kutsa Har Ɗakin Majinyata

Mu da muke wuni a kasuwa mun san ɓarawo da fasa shago ko yankan aljihu. To akwai wani wanda ba ya haura katanga. Yana zaune gaban kwamfuta a wata ƙasa, sai ya tsayar da aikin asibiti cak.

Ranar 12 ga watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta afka wa asibitocin gwamnati a Ingila. Ta kulle kwamfutoci, ta ce sai an biya dalar Amurka 300 a kan kowace. Likitoci suka koma ga takarda da biro, aka juya motocin marasa lafiya zuwa wasu asibitoci, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Abin haushin shi ne, tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da abin toshe wannan kafa, ba a dai ɗora shi ba ne.

Ina ruwan na'urar asibiti da wannan? Ai na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, da ta awon jini, da famfon da ke ɗura wa majinyaci magani, duk akwai kwamfuta a cikinsu, kuma an jona su da sauran kwamfutocin asibiti. Na'ura kan wuce shekara 10 tana aiki, manhajarta ta tsufa, kamfani ya daina kula da ita. Wasu ma ba a taɓa canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba, kamar a sayi kwaɗo alhali kowa na da makullinsa. A watan Agustan 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a sabunta manhajar na'urorin daidaita bugun zuciya 465,000, don an gano ana iya taɓa su daga waje.

Mu nan abin ya shafe mu ta wajen gwanjo. Tsofaffin kayan asibitin Turai na cikin hajar da ake saukewa a Kwatano da Lome, kuma a ganinmu arha kaɗai ba ta isa dalilin saye ba. Kafin ɗan kasuwa ya zuba kuɗinsa, ya tambayi shekarar da aka ƙera na'urar, ko kamfanin na sabunta manhajarta har yanzu, da kuma ko an goge bayanan majinyatan da ke cikinta.