Gidanmu Ma Gidan Badamasi Ne

Shekarata 16, ina ajin ƙarshe na kolej, wanda mu a Nijar muke kira turwaziyam, jarabawar BEPC kuma tana jirana a ƙarshen shekara. Garinmu Gabi, cikin gundumar Madarumfa a jihar Maradi, dab da iyakar Najeriya. Kusancin ya kai har naira da sefa suna kwana aljihu ɗaya, abin dariyarmu ma yawanci daga can yake ƙetarowa.

Bari in fara da gida, tunda nan ciwon kaina yake. Ni ne na tsakiya. Yayana ya girma, ba a aikensa. Ƙanena bai yi wayo ba, in an aike shi sai ya zubar da canji. Saboda haka duk aiken gidan a kaina yake ƙarewa: kai niƙa, sayo magi, ba bisashe ruwa, ɗaura wa jaki amalanke. In na zauna da littafin lissafi, a lokacin ne Inna za ta tuna ba gishiri. Ƙanwata kuwa rediyo ce mai ƙafa, ko tari na yi a bayan gari sai Baba ya ji kafin magariba.

Kakata ce kaɗai nake yi wa uzuri, duk da ita ma ba ta raga mini. Da ta hango ni sai ta ɗaga murya: "Maigidana, ina kuɗin cefane? Ko sai na kai ka wajen alƙali?" In ce mata, "Hajiya, ai na sake ki tun bara, kin tsufa." Ta wurgo mini mafici, sannan ta tura mini ƙwaryar fura.

Da yamma sai fada. Mu shida ne, tun makarantar allo muke tare. Muna da tabarma, butar shayi da ɗan murhun waya, kowa ya kawo dala biyar a sayi ganye da sukari. Waya mai babban gilashi guda ce tak, Tecno ce ta abokinmu wanda wansa ya aiko masa daga Agadas, gilashin ma ya tsage a kusurwa. Akan jingine ta da gwangwanin sukari, kawuna shida su haɗu a kanta, na baya yana cewa na gaba ya sauke kunnensa. Data tsada gare ta, sai mu kai memori wajen mai caji, wanda ke da faifan sola a kan rumfa, ya tura mana finafinai da ƴan daloli. Abin da mutanen birni suka kalla a talabijin makon jiya, mu sai ya iso mana a aljihu.

Wanda ya fi kama mu shi ne Gidan Badamasi, wasan da tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, Falalu Ɗorayi ne ya ba da umarni. Tsoho mai dukiya a keken guragu, ga tulin ƴaƴa daga mata daban-daban, kowa ido a kan aljihunsa, shi kuma hannunsa a dunƙule. Mu gidanmu ba dukiya, rumbun hatsi ne da awaki, amma ranar da Baba ya sayar da ɗan maraƙi na ga wasan nan da idona. Yayana ya tuna tayar babur ɗinsa ta mutu, ƙanwata ta fara gaishe shi sau uku a wuni, ni ma, kar in yi ƙarya, na wanke masa takalmi ba a sa ni ba. Daɗin Kowa kuwa na su Inna ne, can gidan maƙwabta masu tauraron ɗan'adam suke zuwa kallo, su dawo suna zagin mutanen cikin wasan kamar ƴan unguwarmu ne.

Sai marigayi Rabilu Musa Ibro. Ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, ina ɗan ƙarami, amma har yau babu memorin da za ka buɗe a Gabi ka rasa shi. Ba sai ya yi magana ba, zare idon nan kawai ya isa a zubar da shayi. Baba ba ya yarda. Shi a wajensa daga Samanja, wato Usman Baba Pategi, tsohon sojan nan da ya rasu a 2023, an rufe ƙofar ban dariya. Ya taɓa tsayawa a kanmu yana faɗan muna ɓata lokaci, aka nuno ɗan wasan barkwanci Bosho yana rantsuwa a kan ƙarya, sai muka ji faɗan ya tsaya. Da muka waiga, ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

Abu biyu ke ɗan ci mini rai. In ƴan wasan Kano suka jefa Ingilishi, mu da aka koya wa Faransanci a lakwal sai mu kalli juna, dariyar ta wuce mu. Kuma kullum ɗan ƙauye ne wawa a wasan. Mu ƴan ƙauyen ne ke biyan kuɗin caji mu kalla, mu yi dariya, sai daga baya mutum ya tuna ai da shi ake.

Hirar dare ma ta ragu. Tun da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi garuruwan bakin iyaka, har dajin Babban Rafi ya zama abin tsoro, Baba ya kafa doka: ana sallame isha'i kowa ya shigo. Yayana yana ba mu labarin lokacin da suke kai tsakar dare a fada, mu kuwa shayi na uku ma sau da yawa a tsaye muke kurɓe shi.

Makon jiya mushen lissafi, wato malaminmu, ya aiko da sakamakona gida, ban kai rabin maki ba. Ƙanwata ce ta karanta wa Inna, da ƙarfi. Yanzu memorin yana ɗaure a bakin zanen Inna tare da goronta, ta ce sai ranar da aka gama BEPC.