A Zaɓa wa Na'ura Harshe, Ko a Bar Ta Ta Gano da Kanta?

Duk manhajar da ke mayar da magana rubutu kai tsaye, mutum na magana kalmominsa na fitowa a allo, sai ta warware abu guda kafin ta rubuta ko da harafi ɗaya: da wane harshe ake yi mata magana? Ko dai mai amfani da ita ya zaɓa mata tun ba a buɗe baki ba, ko kuma a sakar mata mara ta saurara ta gano da kanta. Kamfanoni sun fi tallata hanya ta biyu, don ita ce mai burgewa. Ni dai ina ganin mai jin Hausa ya kamata ya yi taka-tsantsan da ita.

A wannan mataki na'ura ba ma'anar zance take bi ba. Sauti take aunawa, irin baƙaƙe da wasulan da ke fitowa, da hawa da saukar murya, kamar yadda ɗan kamasho a tasha ke gane Basakkwace tun daga gaisuwa. Bambancin shi ne ɗan kamasho yakan ce bai sani ba. Microsoft ya rubuta ƙarara a bayanin manhajarsa ta Azure cewa za ta fitar da ɗaya daga cikin harsunan da aka jera mata ko da babu shi a cikin maganar.

Sai kuma batun lokaci. Whisper, wadda OpenAI ya fitar a Satumbar 2022, an horar da ita da sauti na awa 680,000, kusan kashi 65 cikin ɗari Turanci ne, kuma Hausa na cikin harsuna 99 na jerinta. Sakan 30 na farko take duba ta yanke hukunci, sauran maganar duka ta bi wannan hukuncin. Wanda ke karanta rubutu kai tsaye kuwa ba zai iya jiran rabin minti ba, shi ya sa masu aikin nan-take ke yanke shawara cikin 'yan sakanni. Iya gajartar abin da na'ura ta ji, iya yawan kuskurenta.

A ɗauki tafsirin watan azumi a Kano ko Damagaram. Malam zai buɗe da neman tsari da basmala da salati, mai jan baki ya ja aya, duka da Larabci, kuma kafin a furta Hausa sakan 30 sun daɗe da wucewa. Na'urar da aka bari ta gano da kanta tun a farko za ta riƙe cewa Larabci ake yi, sai ta shafe awa guda tana tusa Hausar malam cikin kalmomin Larabawa. Wadda aka zaɓa wa Hausa kuwa za ta dagula ayoyin, ta kamo bayanin gwargwadon iyawarta. Duka biyun ɓarna ce, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Ayoyin suna nan a rubuce, ɗalibi zai mayar da su gurbinsu ba tare da wahala ba, kuma ya san inda zai duba tun da ya san abin da ya zaɓa. Bayanin malam na wannan rana babu shi a ko'ina sai a bakinsa. Idan shi ya lalace a rubutu, sai an koma sauraro daga farko.

Akwai manhajojin da ke ci gaba da sauraro suna sauya harshe yayin da zance ke tafiya. Ta Azure tana karɓar harsuna har 10 a wannan tsari, 4 kacal idan a farko kawai za ta duba. Wannan ya dace da taron ECOWAS, inda wani zai gama jawabinsa da Faransanci wani ya karɓa da Turanci ko harshen Fotugal. Amma bayanin kamfanin ya ce ba ta bin sauyin harshe a cikin jimla ɗaya, mu kuwa a nan muke zaune. Ma'aikaciyar jinya a Kaduna za ta fara da Hausa, ta faɗi sunan ciwo da na magani da Turanci, ta rufe da Hausa. Ɗan kasuwa a Maraɗi zai karanto lambar waya da Faransanci a tsakiyar ciniki. Shi kansa malamin yakan jefa rabin hadisi a cikin jimlar Hausa bai ko numfasa ba.

Kada a ɗauka manyan harsuna sun tsira. Masu Whisper da kansu sun bayyana cewa a cikin awa 9,000 da suka zata harshen mutanen Wales ne na Birtaniya, mafi yawa Turanci ne, na'urar tantance harshe ce ta yi musu kuskuren laƙabi. Idan Turanci, wanda ya fi kowa yawan sauti a rumbunsu, zai ɓace haka, ina ga Hausar Gobir ko ta zangon Kumasi?

Duk da haka ba zan yarda a watsar da gano harshe kai tsaye ba, saboda dalili guda da ya fi sauran nauyi a wurina. Zaɓar harshe a allo aikin mai karatu ne. Tsohuwar da ba ta yi boko ba, idan ta kira layin neman agaji cikin tashin hankali, ba za ta iya bin jerin sunayen harsuna ba, magana kawai za ta yi. Ita aka yi wa wannan hanya, kuma an samu ci gaba na gaske: a Mayun 2023 kamfanin Meta ya fitar da tsarin da ke tantance harsuna sama da 4,000, yana rubuta sama da 1,100. Sai dai kaso mai yawa na sautin da aka koya masa rubutu da shi karatun Sabon Alkawari ne, kimanin awa 32 ga kowane harshe. Ma'aunin FLEURS na Google, mai harsuna 102 har da Hausa, shi ma jimloli ne da aka ba mutane suka karanta. Mai karatu a natse yake, harshe ɗaya yake yi, ba jariri na kuka a bayansa. Tsohuwar nan ba haka za ta kira ba.

Saboda haka inda kalma ke ɗauke da haƙƙin mutum, kamar shaida a kotu ko bayanin mara lafiya gaban likita, a zaɓi harshen da hannu, mai jin harshen kuma ya bi rubutun. Inda manhaja ta ba da dama, a taƙaita mata zaɓi zuwa biyu ko uku da aka san za a ji a ɗakin, Hausa da Larabci a masallaci, Hausa da Faransanci a ofishin Yamai. Gwamutsa Hausa da wani harshe cikin jimla ɗaya kuwa babu maɓallin da zai gyara shi a yanzu, sai an tara maganar mutane yadda suke yin ta, irin ta shirye-shiryen rediyo da masu sauraro ke bugo waya, da izininsu, an rubuta kowace kalma da harshen da aka faɗe ta, sannan a horar da na'ura da ita.